Na Yi Shelar Rasuwar Dillali Yana Da Rai

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni ɗan fili a wannan shafi, kuma a sakaya sunana, domin abin da zan faɗa ba nawa ne ni kaɗai ba.

A lokacin da abin ya faru ina da shekara ashirin da takwas, ina zaune a Ƙanƙara, ina aiki a wani shagon buga takardu kusa da tasha. Ni ke buga wa mutane katin ɗaurin aure da takardar neman aiki da sanarwar taro, wani lokaci har da wasiƙar ban haƙuri ga wanda ya yi laifi a wurin aikinsa. Mutum zai zo mini da magana a dagule, in warware masa ita a takarda, ya karanta ya ce ai ko shi bai san haka yake nufi ba. Wannan yabo shi ya fara ɓata ni. Na ɗauka duk yankinmu babu mai alƙalami irin nawa, kuma da yake ban taɓa zama da wanda ya fi ni ba, babu wanda ya taɓa gaya mini akasin haka. Ba ni da aure, ba ni da wani nauyi a kaina sai na mahaifiyata, lokaci kuwa ina da shi har ya yi mini yawa.

Tun da zaman hira a waje ya yi wuya a ƙasarmu, kowa ya koma shigewa gida da wuri, sai hira ta koma cikin waya. Wani abokin aikina ne ya sa ni a wani zauren waya da ake yin abin da muke kira wasan labari. Ga wanda bai sani ba, ba karatun littafi ake yi ba, kuma ba mutum ɗaya ke rubutawa ba. Gari guda aka ƙirƙira, aka sa masa suna Tungar Wai, kowa ya ɗauki mutum ɗaya a cikin garin ya zama nasa. Akwai mai gari, akwai liman, akwai mai shayi da matarsa, akwai ungozoma, akwai wani ɓarawon kaji da ba a taɓa kamawa ba. Kai za ka rubuta abin da naka ya yi da abin da ya ce, wani ya amsa da nasa, a haka labari yake tafiya babu wanda ya san inda zai tsaya. Mu kusan talatin ne, daga Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa da ƙauyukansu, maza da mata, kuma ba a tambayar wa ke bayan wa.

Mai riƙe da zauren wata Hajiya ce a Sabuwa, tsohuwar malamar makaranta da ta yi ritaya amma ba ta ajiye bulala ba. Dokokinta ba su da yawa, sai dai wanda ya taka ɗaya zai gane kurensa. In za ka yi magana da bakinka, ba da bakin mutuminka na labari ba, sai ka sa ta cikin baka biyu, don a san ka fita daga wasa. Abin da aka faɗa a shagon mai shayi alhali mutuminka yana gona, to bai ji ba, ko da kai ka karanta. Ba a kawo sunan mai rai. Babbar dokar kuwa, wadda take maimaitawa duk sanda sabo ya shigo, ita ce ba a riƙe wa mutum hannu. Kana iya rubuta cewa naka ya ɗaga sanda, amma ko ta sauka a kan wancan ko ya goce, wannan mai shi ne zai faɗa. Ciwo mai tsanani ko mutuwa kuwa, sai ka bi mai shi ta bayan fage ka nemi izini, in ya ce a'a magana ta ƙare.

Ni na ɗauki mai shela. Na zaɓe shi ne don na ga shi ne wanda in ya buɗe baki dole gari ya saurara. Aikinsa shi ne ya sanar da abin da ya riga ya faru a hannun wasu, ba ya ƙirƙiro labari ba, amma ni nakan zuba rubutu mai tsawon zani, da karin magana da kirari, tun daga fitowar rana har faɗuwarta. Akan yi mini tafi biyu ko uku a wuce. Wata rana Hajiya ta gaya mini cikin baka biyu cewa rubutuna yana da kyau, amma nakan shiga ɗaki in kulle in jefa makulli a rijiya, babu ƙofar da na bar wa wani ya shigo ya amsa. Na ce na gode, a raina kuwa na ce hassada ga mai rabo taki ce.

Wanda ya tsone mini ido shi ne Baba Dillali. Tsoho ne a labarin, dillalin shanu a karar Tungar Wai, mai karyayyiyar laima da goro a kunci, wanda ke kiran kowa ɗan nan, har mai gari. Mai rubuta shi ba ya wuce layi biyu ko uku, kullum bayan la'asar, amma da ya sauke sai zaure ya kama da wuta. Kowa ya san a kasuwa in tayi bai kai ba mai kaya ba ya cewa a'a, albarka yake cewa, in ya kai kuma ya ce na sallama. To shi Baba Dillali da albarka yake amsa komai na duniya. Matar mai shayi ta miƙo masa kunu tsararo, ya leƙa kofin ya ce albarka. Liman ya ja huɗuba har ƙafafu suka mutu, aka jiyo daga sahun baya an ce albarka. Akwai ranar da ya ce saniyar da ta cika kyau ranar kasuwa a fara tambayar inda ta kwana, aka yi mako ana maimaita wannan magana. Ni da nake ɓata awa guda a kan shela ɗaya ban taɓa samun rabin wannan ba. Na ji haushi, kuma na san haushi ne, ban yaudari kaina ba.

Ana nan sai labari ya kai wani wuri mai daɗi. Ɗan mai gari ya zo kara yana son wani farin sa, Baba Dillali yana riƙe da igiya, an yi tayi, gari duka ya taru a ji ko albarka ce ko sallama. A daidai nan mai rubuta shi ya yi shiru. La'asar ta farko ta wuce, ta biyu ta wuce, har ta huɗu, tsoho yana tsaye da igiya a hannu, babu wanda ya isa ya motsa shi. A ƙa'ida mako guda ake jira, sannan Hajiya ta bi mutum ta bayan fage ta ji ko lafiya. Ita ma a lokacin ta tafi sunan jikanta a wani ƙauye da sabis ba ya kaiwa. Mutane suka fara ƙorafi cikin baka biyu cewa labari ya tsaya.

Rana ta biyar da hantsi aka ɗauke wuta, shago ba kowa, na zauna a benci na ɗauko waya. Ban nemi kowa ba, ban tambayi kowa ba. Sanarwar rasuwa kuwa na buga ta ya fi a ƙirga, hannuna ya san hanyarta. Na rubuta cewa mai shela ya hau tudun kasuwa ya ce: “Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ana sanar da jama'ar Tungar Wai cewa Allah ya yi wa Baba Dillali rasuwa yau da safe, bayan jinya. Za a yi jana'iza a ƙofar gidansa.” Da na tsaya nan ma da laifin ya isa. Amma sai na ga ai ga dama ta nuna gwaninta, na ci gaba na bayyana jana'izar da kaina. Na ce ranar kasuwa ce, kowa yana can wajen ciniki, mutanen da ya yi shekaru yana haɗa su da masu saye babu wanda ya bar igiyarsa ya zo, aka tsaya sallah sahu ɗaya ma bai cika ba. Wannan jimla ta ƙarshe na karanta ta sau uku ina jin daɗinta kafin in tura.

A karon farko zaure ya motsa a kaina. Wasu suka ce na sa su hawaye. Mutum biyu ne kawai suka tambaya cikin baka biyu ko mai shi ya ba da izini, na amsa musu da cewa ruwan da ba ya gudu shi ke wari, wanda ya bar mutuminsa tsaye kwana biyar ai ya yar da shi. Daga nan kowa ya bi. Liman ya yi addu'a, matar mai shayi ta dama kunun sadaka, ɓarawon kaji ma ya zo ta'aziyya. Bayan kwana biyu, da la'asar, na ga alamar lambar mai Baba Dillali ta buɗe saƙonni. Na jira faɗa, har na shirya amsa. Babu abin da aka rubuta. Kafin magariba lambar ta fita daga zaure.

Washegari Hajiya ta kira ni. Ba ta ɗaga murya ba, ta gaishe ni, ta tambayi mahaifiyata, sannan ta tambaye ni ko na san wa ke rubuta Baba Dillali. Na ce wani mutum ne dai. Ta ce mace ce, malamar firamare a Daudawa, wadda mijinta ya yi mata izini ta dawo gida jinyar mahaifinta. Mahaifin dillalin shanu ne na gaske, shekara uku ke nan ɓarin jikinsa ya shanye, harshensa ya tafi, kalma ɗaya tak ta rage masa a baki. Ba sai ta faɗa mini kalmar ba. Ta ce Malama ta ɗauki mahaifinta yadda yake a da ne ta sa shi a labari, kullum bayan la'asar ta zauna a bakin shimfiɗarsa ta karanta masa abin da aka yi a Tungar Wai, ya yi dariya da rabin bakinsa, ta gwada masa amsa biyu ko uku ya buga tabarma a kan wadda yake so, ita ta tura. Shirun kwanakin nan asibiti suka kwana. Ranar da suka dawo, abin da ya fara nunawa da hannunsa mai lafiya shi ne waya.

Ta ce Malama ba ta duba gaba ba, ta fara karantawa da ƙarfi daga inda suka tsaya, kamar yadda ta saba. Kalmar inna lillahi kuwa in harshen mai karatu ya ɗauko ta da kansa yake ƙarasawa, sai da ta furta rasuwar sannan ta ji abin da ta faɗa. Ta tsaya. Ya buga tabarma ta ci gaba. Ta so ta ƙirƙiro wani abu, amma ya san muryar karatunta ya san ta ƙirƙirarta, ya sake bugawa da ƙarfi. Ba ta taɓa saɓa masa ba, ta karanta har ƙarshe.

Kunya ce ta kamata ta kama ni, amma abin da ya fara zuwa bakina kare kai ne. Na ce ai ita ta fara karya doka da ta kawo mai rai cikin wasa, ni ina zan sani. Hajiya ta ce ba ta kawo sunansa ba, ba ta kawo garinsu ba, kuma ba don a san wa ke bayan wa aka kafa dokar neman izini ba, an kafa ta ne don ba a sani ba. “Ko 'yar tsana ce, in dai ta wani ce, ba ka da ikon cire mata kai,” in ji ta. Ta goge shelar, ta fitar da ni daga zaure na wata guda, ta ce sauran kuma tsakanina da masu haƙƙi ne.

Mako uku na yi ina ja da baya. Na buga wa mutane wasiƙun ban haƙuri da yawa, amma da na zo rubuta tawa sai duk ta fito da ado, in goge. Na tura gajeren saƙo ga Malama, ta buɗe ba ta amsa ba. Sai Hajiya ta sake kirana ta ce tsohon ya daina son a karanta masa komai, da la'asar ta yi sai ya juya fuska bango, abinci ma sai an yi da gaske. Ta ce mutum ne mai shekaru kuma mai ciwo, in ina da niyyar neman yafiya kada in ɗauka lokaci nawa ne. Wannan magana ce ta shige ni. Ba Malama nake tsoro ba, ba kuma zaure ba. Tsoron da na ji shi ne tsohon nan ya tafi da haƙƙinsa a wuyana.

Wata Asabar na yi sammako zuwa Daudawa, don hanyarmu ba a yi mata yamma. Ƙanin tsohon ne ya tarbe ni a ƙofar gida, dattijo manomi mai ƙarancin magana, da alama an gaya masa ko ni wane ne amma bai nuna ba. Ya shigar da ni wani ɗaki kusa da zaure. Abin da na fara gani karyayyiyar laima ce a rataye jikin bango, iri ɗaya da wadda na sha karantawa. Tsohon yana kwance a kan katifa a ƙasa, dogo ne, ya rame, idanunsa kuwa ras suke. Na durƙusa na gaishe shi, na ce Baba ni ne mai shela, ni na rubuta abin nan, na yi kuskure, na zo neman gafara don Allah. Ya daɗe yana kallona tun daga hula har takalmin da na bari a bakin ƙofa, irin kallon da ake yi wa dabba kafin a taya. Sannan ya ɗaga yatsa ɗaya, ya ce, “Albarka,” ya kawar da kai.

Na ji sanyi a raina. Ni ɗan cikin gari ne mai buga takarda, na ɗauka yatsan na tauhidi ne, kalmar kuma albarka ce ya sa mini. Na yi godiya, na yi masa addu'a, na tashi ina ganin ashe abin bai kai yadda ake ta zuzuta shi ba. Ina sa takalmi sai na ji an yi sallama daga bayan labulen da ya raba zaure da cikin gida. Malama ce. Ban ga fuskarta ba ranar, kuma har yau ban taɓa gani ba.

“Malam, mi ka ji ya ce maka?”

Na faɗa mata, har da ƙarin cewa na gode da ya yafe.

“Ba albarka ya sa maka ba,” ta ce. “In ya kauda kai haka, tayinka ne bai kai ba. Yatsan kuma sahunka ne guda da ka ce bai cika ba.”

Sauran ta faɗa mini a hankali, babu kuka babu faɗa. Ta ce shekara arba'in ya yi a kara, ba ya taku goma ba a tsayar da shi an gaisa ba. Watan farko na ciwonsa zauren nan cika yake yi, a shekara ta biyu aka koma jefi-jefi, yanzu sai a yi makonni ba wanda ya yi sallama in ba dangi ba. Ta ce mutuwa ba ta ba shi tsoro, kullum cikin shirinta yake, da mutuwar kaɗai na rubuta wataƙila dariya zai yi. Abin da ya tsaya masa a rai sahun nan ne, don abin da yake kwance yana tunani ke nan shi kaɗai, sai ga shi wani baƙo ya rubuta, ɗiyarsa ta karanta masa da bakinta. Na ce to bari in gyara, in rubuta cewa mai shela ƙarya ya yi, Baba Dillali yana nan da ransa, ko in sake jana'izar in cika ta da mutane. Ta ce har yanzu ban gane ba, hannunsa nake son in sake riƙewa. Ta ce kuma ba yaro ba ne, abin da ya shiga kunne ba a goge shi.

A mota na yi ta juya maganar. In tayi bai kai ba, ai ba roƙo ake ƙarawa ba, ƙari ake yi. Alƙalami kuwa ba shi da abin da zai ƙara a nan. Na koma wurin ƙanin nasa na roƙi sunayen waɗanda suka yi zamani tare, ya ba ni kamar takwas. Ranar kasuwa na rufe shago na shiga kara, ni da ban san bambancin karsana da saniya mai tsohon ciki ba, ina tsallake kashin shanu ina tambayar dattawa. Na sami biyar. Ɗaya ya riƙe baki ya ce shi ai ya ji an ce ya rasu tuntuni, har addu'a ya yi masa. Wani ya ce kullum yana cewa zai je, kasuwa ce ba ta barin mutum. Babu mugu a cikinsu, mantuwa ce kawai irin tamu.

Juma'ar farko biyu suka zo, ta gaba huɗu, wani ya zo da ɗan'uwansa daga Tafoki. Ni ke bin su da waya ina tunatarwa, in na samu hali in je da kaina. Sukan zauna su kewaye shi su ba shi labarin kara, wa ya mutu, wa ya bar wa ɗansa igiya. Akwai wani mai barkwanci a cikinsu da yakan siffanta masa sa tun daga ƙaho har wutsiya sannan ya yi tayin raini, tsohon ya harare shi ya ce albarka, ɗaki ya kwashe da dariya. Na ga ya fara cin goro. An ce ya daina juya fuska bango, amma bai sake yarda an karanta masa Tungar Wai ba, ita ma Malama ba ta dawo zauren waya ba. Duk ranar da na je, in zan tafi nakan durƙusa in sake neman gafara, ya ba ni kalmarsa guda. Wani lokaci ya kawar da kai, wani lokaci ya tsaya yana kallona, wani lokaci wuyan ne kawai ya gaji. Malama ba ta sake yi mini fassara ba, ni kuma ban ga fuskar tambaya ba. Haka muka yi kusan wata biyar.

Bayan an gama girbin dawa, wata Alhamis da safe, Hajiya ta kira ni ta ce Allah ya yi masa cikawa, za a yi jana'iza bayan azahar. Ta ce Malama ta ce ni zan yi shela a zaure. Na tambaya ko da bakinta ta faɗa, ta ce da bakinta. Na rubuta layi uku cikin baka biyu, babu karin magana babu ado, na ce mahaifin 'yar'uwarmu ne, duk namijin da ke da hali ya zo. Sannan na bi dattawan kara ɗaya bayan ɗaya, su kuma suka bi wasu da ban sani ba. Mai rubuta liman ya zo daga Faskari, ashe makaniki ne. Mai rubuta ɓarawon kaji ya zo daga Sabuwa a kan mashin da mutum biyu a bayansa, a ranar muka fara ganin juna. Mutanen gari suka fito, Fulani suka zo da sandunansu. Da aka tsaya sallah na koma can baya, kuma na san ba abin da ya kamata mutum ya shagala da shi ke nan a irin wannan tsayuwa ba, amma kafin liman ya yi kabbara na ƙirga.

Mun dawo daga maƙabarta ina bakin hanya ina jiran mota sai saƙo ya shigo daga lambar Malama, lambar da ta yi wata shida ba ta ce mini komai ba. Mata ba sa fitowa jana'iza, tana cikin gida, ba ta ga komai ba. Ta rubuto, (Sahu nawa?) Na amsa, (Shida, na bakwai ya kai rabi.) Ta buɗe saƙon.

Sai bayan addu'ar uku, da la'asar, Hajiya ta mayar da Malama zauren waya. Ba ta gaisa ba, ba ta sa baka biyu ba. Ta rubuta: “Baba Dillali ya dubi ɗan mai gari, ya dubi jama'ar da ta cika kara, ya miƙa igiyar farin sa ya ce, na sallama. Ya ɗauki laimarsa ya tafi gida.” Daga nan ta fita, ba ta sake dawowa ba. Babu wanda ya rubuta komai a Tungar Wai har washegari.

Har yanzu ina wasan labari, a wannan zaure da wasu biyu, kuma yanzu ni ke karɓar sababbin shiga. Ina ganin irina a cikinsu, masu doguwar jimla da gajen haƙuri. Abin da nake gaya musu shi zan gaya wa masu karatu, musamman matasa da ke irin wannan wasa a waya. Ku rubuta naku ku bar wa kowa nasa. In wani ya yi shiru ku jira, ba ku san inda ya kwana ba. In labari ya kawo ciwo ko mutuwa, tambaya ta bayan fage ba ta cin minti ɗaya, ni kuwa rashin yin ta ya ci mini abin da ban gama biya ba. Kada gwaninta ta ruɗe ku, jimlar da na fi alfahari da ita a rayuwata ita ce ta fi cutar da mutum. Bayan kowane mutumin labari akwai mai rai riƙe da waya, wani lokaci kuma a gefensa akwai wani kwance yana sauraro.

Mutane kan ce mini ai an yafe, tunda ga abin da ta rubuta. Na yarda ta sallama, kuma ita ce mai Baba Dillali, ita kaɗai ke da ikon sa shi ya faɗa. Amma wancan na labari ne. Na gaskiyan, wanda na durƙusa a gabansa, kalma ɗaya ya bar ni da ita, da ita yake sa albarka da ita yake ƙin tayi, kuma har yau ban san wacce ya nufa a zuwana na ƙarshe ba. Ina roƙon duk wanda ya karanta ya yi masa addu'a, Allah ya jiƙansa da rahama.